Fitilar Madugu: Daga Kano Zuwa Tsaunin Mambila A Kan Babur

A teburin mai shayi aka ƙulla wannan tafiya. Shekara da shekaru muna da majalisa a bakin layinmu bayan sallar isha'i, mu huɗu. Akwai Yaya, wanda ya girme mu duka, tela ne yanzu, amma ya daɗe yana acaɓa kafin a hana ta a Kano a 2013. Akwai bakaniken unguwa da kowa ke kira Injiniya. Akwai Auta mai shagon kayan waya, sai kuma ni. Wani dare mai shayin ya buɗe sabon kwalin ganye, ya ɗaga mana shi ya ce, "Wannan fa ba daga waje aka kawo shi ba, a ƙasar nan ake noma shi." Na karɓa na duba: Highland Tea, daga Kakara, a kan tsaunin Mambila ta jihar Taraba. Mu da muka tashi da tunanin ganyen shayi sai ya haye teku kafin ya iso mana, sai muka yi shiru. Yaya ya ajiye kofinsa ya ce, "Ƙasar da shayi ke tsirowa a cikinta ta cancanci a je a gan ta da ido."

Wata uku muka yi muna zuba adashi. Injiniya ya karɓi baburanmu ɗaya bayan ɗaya, irin ƙananan nan ne da kowa ke hawa a gari. Ya sauya tayoyi da sarƙa, ya juye baƙin mai, ya sa sababbin fulogi, ya ɗaure birki. Kowa ya tanadi tif na ajiya, da kayan faci, da famfo, da hular kwano, da rigar ruwa, da rigar sanyi, da takardun babur cikin leda. Matanmu da iyayenmu ba su so ba da farko, domin tafiya ce ta sama da kilomita 1,000 kafin a yi maganar dawowa. Sai da muka ɗauki alkawari biyu suka saki ransu: ba za mu yi tafiyar dare ba, kuma duk inda muka sauka za mu kira gida.

Daren da za mu tashi muka naɗa Yaya shugaba, kamar yadda addini ya koyar da matafiya su yi. Na ɗauka zai ce shi ne a gaba, tunda ya fi mu sanin titi. Sai ya ba mu labarin kakansa, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja da jakuna. Ya ce a ayarin fatake jagaba ne ke shiga gaba yana duba hanya, madugu kuwa a ƙarshen ayari yake tafiya, domin ya ga wanda jakinsa ya gurfana da wanda ƙaya ta soke. Don haka ya jera mu: Auta a gaba, ni na bi shi, Injiniya na bayana, shi kuma a ƙarshe. Ya ce kowa ya bar fitilarsa a kunne ko da rana tsaka. "Doka ɗaya ce," in ji shi. "Kowa amanar na bayansa na wuyansa. Idan ka duba madubi ba ka ga fitilarsa ba, ka tsaya."

Muka bar Kano bayan sallar asuba, a farkon watan Nuwamba. Damina ta ɗauke, hunturu bai kankama ba. Kafin rana ta ɗaga mun haye gadar Wudil, muka karya a Kwanar Huguma muka nufi Birnin Kudu. Ko'ina kaka ce: an jingine dammunan gero, dawa ta sunkuyar da kai, mata na roron wake, ƙanshin gyaɗar da aka tuge na bin iska. Na sha bin wannan hanya a mota, amma ban taɓa jin ƙanshinta ba sai ranar. Mai mota yana kallon ƙasa ta bayan gilashi. Mai babur kuwa fatarsa ce ke ba shi labari: sanyin fadama ya dake ka idan ka gangara kwari, zafin kwalta ya taso maka idan ka fito fili, hayaƙin girkin ƙauye ya sanar da kai akwai gari tun kafin ka hango rufin ɗaki.

Daga Birnin Kudu duwatsu suka fara tasowa, har muka shiga ƙasar Ningi. Wanda ya ga waɗannan duwatsu zai fahimci yadda mutanen Malam Hamza suka fake a cikinsu a ƙarni na 19, suka gagari Kano da Bauchi shekaru masu yawa. Da la'asar muka shiga Bauchi, bayan tafiyar kusan kilomita 300. Kafin mu nemi masauki muka ziyarci kabarin Firimiya Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966, muka yi masa addu'a. Da dare muka ci masar Bauchi da miyar taushe. Kafaɗuna na ciwo, hannuna na rawa saboda girgizar babur, amma barcin da na yi a daren ban yi irinsa ba a shekarar.

Rana ta biyu ita ce mafi tsawo. Da hantsi muka haye kogin Gongola a Dindima, inda hanyar Yankari ta ɓalle dama. Muka wuce Alƙaleri, muka sha mai a Gombe, muka miƙi kudu ta Kumo da Billiri. A nan ƙasa ta sauya fuska. Ga dutsen Tangale ya tsaya shi kaɗai da tsininsa kamar an kafa shi da hannu, ga coci kusa da masallaci, ga harsunan da ba mu ji ana yi a bakin hanya, amma da ka yi sallama da Hausa sai a amsa maka da Hausa. A Kaltungo muka tsaya yin sallah. Auta ya nufi cikin ciyawa zai kama ruwa, sai wani dattijo mai sayar da rake ya kira shi da ƙarfi, "Ɗana, dawo ta nan! Ƙasar kububuwa ce wannan." Ya gaya mana lokacin girbi ne maciji ya fi saran mutane, shi ya sa garin ke da asibitin da ya shahara da maganin saran maciji, har daga jihohin maƙwabta ake kawo mutane. Ya nuna wa Auta fili mai tsabta, ya ba mu ruwan alwala, ya ƙi karɓar kuɗin raken da muka sha.

Bayan Cham muka gangara ƙasar Adamawa, zafi ya rufe mu kamar bargo. Gonakin rake suka shimfiɗu har iyakar gani. Rana na shirin faɗuwa muka hau gadar Numan, Binuwai na kwance a ƙarƙashinmu, faɗinsa ya sa Auta ya rage gudu ba tare da kowa ya ce masa ba. A nan ne Gongola ke zubawa cikin Binuwai. Kogin da muka haye da safe ya yi nasa zagayen ta arewa, ya bi ta Dadin Kowa, ya zo ya tarar da mu da yamma. Muka kwana a Numan, garin Bachama, muka ci kifin da aka kamo a ranar.

Rana ta uku ce nake jin nauyin ba da labarinta, amma in na tsallake ta, sauran ba shi da amfani. Hanyar Numan zuwa Jalingo ta gajiyar da mu, rami na bin rami, manyan motoci na tayar da ƙura. An gargaɗe mu cewa akwai dokar taƙaita hawan babur a cikin Jalingo, don haka muka bi ta gefe muka kama hanyar Sunkani. Bayan Garba Chede titi ya ɗan yi kyau. Auta ya murɗa totur, ni ma na murɗa. Bayan wahalar safiya, gudun ya yi mini daɗi, iska na kaɗa rigata, ido na kan bayan Auta, zuciya na son in kamo shi. Sai da muka isa gadar kogin Taraba a Bali muka tsaya. Na cire hular kwano na waiwaya. Babu kowa. Na tambayi kaina yaushe rabon da in duba madubi, na kasa tunawa.

Muka kira waya, ba ta shiga. Muka juya. Ban san tsawon hanya ba sai a wannan komawar, kowace kwana ina fatan in gan su ina kuma tsoron abin da zan gani. Can muka hango babura biyu a gindin wata bishiya. Ɗan maraƙi ne ya faɗo titi, Injiniya ya kauce masa, tsakuwa ta kwashe tayar gaba. Ya ƙuje a gwiwar hannu da ƙafa, hular kwanonsa ta tsage ta gefe, kansa kuwa Allah ya tsare. Yaya ya riga ya wanke masa ciwon ya ɗaure da rawaninsa, yana riƙe da tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa yana miƙe kan babur ɗin da ya karkace. Wata Bafulatana da ke kan hanyar dawowa daga tallan nono ta sauke ƙwaryarta tana dama wa Injiniya fura, tana ta yi masa sannu.

Yaya bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai da ya gama, ya goge hannunsa, ya zo ya dafa madubin babur ɗina ya ce, "Ƙanena, wannan ba don ado aka sa shi ba. Yau Allah ya sa ina bayansa. Da ni ne na faɗi, shi kuma ya tsaya a kaina, ku biyu kuna Bali kuna jiran wa?" Na durƙusa gaban Injiniya na ce ya yafe mini. Ya kama hannuna ya ce, "Wallahi ban riƙe ka ba. Taimaka mini in tashi." A hankali muka ƙarasa Bali, mu huɗu a jere, aka duba shi a wani ɗakin shan magani, muka kwana. Da safe Yaya ya ce idan Injiniya ba zai iya ba, dukanmu za mu juya. Injiniya ya taka ƙafar, ya lanƙwasa hannun, ya ce a ɗaura kaya.

Daga Bali daji ya yi kauri, bishiyoyi suka yi tsawo, sunayen garuruwa suka koma na Fulatanci, mafi yawa da "Mayo" a gaba, wato kogi. A Serti muka huta, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Da azahar muka isa Mayo Selbe. Nan shimfiɗaɗɗiyar hanya ta ƙare a gindin wani bango na duwatsu da kansa ya shige cikin gajimare. Mai shayin da muka zauna wurinsa ya ce sunan hawan Biyu da Sisi, sunan tsohon kuɗi, kuma a yadda ya ji daga manya, ladan da ake biyan ma'aikata ne a wannan hawa a zamanin Turawa. Ya dubi baburanmu ya ce, "Ku hau da giya ta ƙasa, ku yi hon a kowace kwana, kada wanda ya wuce wani."

Hawan nan ba ya misaltuwa. Titi na naɗewa a jikin dutse kamar rawani, dama bango, hagu rami mai zurfin da ba ka son kallonsa. Ruwa na tsattsafowa daga duwatsu yana ratsa kwalta. Kunnuwana suka toshe suka buɗe. Zufar da muka kwaso daga Bali ta bushe, sanyi ya fara shiga ta hannun riga. Sai babur ɗina ya fara nishi, ina murɗa totur yana amsawa da kyar. Injiniya ya riga ya faɗa mana haka za ta faru: idan aka yi sama iska na yin sirara, sai mai ya fi ƙarfin iskar da ke shiga inji, ƙarfinsa ya ragu, fulogi ya yi baƙi. Sani daban, ji a jiki daban. Ana cikin haka hazo ya sauko, fari fat, har na daina ganin Auta. Ban san abin da ke gabana ba, ban san zurfin abin da ke gefena ba. Na duba madubi. Ga fitilar Injiniya, rawaya, tana rawa cikin hazo, can bayanta kuma ga wata ƙarama, ta Yaya. Duk kwanar da na sha sai na sake dubawa, suna nan. Jiya na manta da su lokacin da hanya ta yi daɗi. Yau da hanya ta yi tsanani, su ne abin da na riƙe har muka kai sama.

Da muka fito daga hazon, sai muka kashe injuna ba tare da shawara ba. Wanda aka haifa a Kano bai san akwai irin wannan ƙasa a Najeriya ba. Tuddai ne kore shar, masu santsi kamar an shafe su da hannu, ɗaya na bin ɗaya har ƙarshen gani. Babu ƙaya, babu ƙura. Gajimare na tafiya a ƙasa da inda muke tsaye. Shanu jajaye masu dogayen ƙaho sun bazu a kan tuddai, sun yi ƙiba, domin tsayin wurin, kimanin mita 1,600 sama da teku, ya hana ƙudan tsando zama. Layukan itacen turare sun kewaye gidaje, ƙanshinsu ya cika iska. Auta, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya zauna a kan ciyawa ya ce, "Yaya, ashe haka ƙasarmu take?" Yaya ya ce, "Tashi mu yi alwala." Ruwan ƙoramar ya kusa ƙandarar mana da yatsu. Muka haɗa azahar da la'asar, muka yi ƙasaru, kuma ban taɓa jin ma'anar godiya a sujada kamar ta wannan rana ba.

Muka wuce Mai Samari, muka kwana a Nguroje cikin bargo biyu-biyu. A bakin tasha tsofaffin motocin Land Rover ne jere, waɗanda a wasu wurare an daɗe da mantawa da su, a nan kuwa su ne ke kai buhunan masara da mutane ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta zuwa. A kasuwa ga fiya, ga ayaba, ga dankalin Turawa, ga zuma. Kowa cikin rigar sanyi da hula, yara kumatunsu sun bushe da sanyi. Fulatanci ne harshen ciniki, amma Hausarmu ba ta bar mu da yunwa ba.

Washegari muka je Kakara, wurin da ya taso da mu daga gida. Gonar shayi ta lulluɓe tuddai, an aske kan bishiyoyin daidai ƙugu, sun zama kamar shimfiɗaɗɗiyar darduma. Mata da maza na tafiya a tsakanin layuka da kwanduna a baya. Wata uwa ta nuna mana yadda ake tsinka: ganye biyu na sama da tohon da ke tsakaninsu, sauran a bar shi. Ta ce daga nan sai masana'anta, a baza shi ya yi laushi, a murƙushe, a bar shi iska ta mayar da shi ja, sannan a busar. Na murza ganye ɗaya a hannu na shinshina, ban ji ƙanshin shayi ba ko kaɗan. Ta yi murmushi ta ce, "Ai sai ya sha wuya yake ƙanshi, ɗana." Na kalli yatsunta da suka yi kanta, na tuna sau nawa na ɗaga kofi ban taɓa tunanin hannun da ya tsinko abin da ke ciki ba.

A Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, muka yi kwana biyu. Muka gangara bakin kogin Donga muka ga ana ɗora babura a kwalekwale ana haye da su zuwa ƙauyukan da ke wajen iyakar Kamaru. Bayan magariba wani tsoho a masallaci ya riƙe mu da hira. Ya tuna mana abin da muka karanta a makaranta muka manta: wannan yanki a dā ƙarƙashin Jamus yake, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya koma riƙon Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shiga Najeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna saboda Sir Ahmadu Bello. "Ku an haife ku a cikinta," in ji shi. "Mu iyayenmu zaɓar ta suka yi." Bai ɓoye mana cewa kyan ƙasar bai hana ta kuka ba. Wayoyin shingen da muka gani sun raba tuddai shaida ce ta daɗaɗɗiyar jayayya kan fili tsakanin manoma da makiyaya, wadda ta jawo asarar rayuka a 2017. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku faɗa wa mutanen Kano muna nan. Mun yi nisa ne kawai, ba mu ɓata ba." Maganar ta zauna mini, domin ta yi kama da abin da Yaya ya faɗa yana dafe da madubina.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Injiniya ya ce kada wanda ya dogara da birki kaɗai, domin idan ya yi zafi sai ya daina kamawa. A sa giya ta biyu, a bar inji ya riƙe babur. Haka muka sauko, muna cire rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya, har zafin Mayo Selbe ya karɓe mu. Muka bi sawunmu: Bali, Numan, Bauchi.

A safiyar ƙarshe, muna ɗaure kaya a Bauchi, Yaya ya ce mini, "Yau kai ne a baya." Na ce, "Yaya, ni da na yi abin da na yi?" Ya ce, "Shi ya sa." Sai a ranar na san abin da ya ɗauka kwana da kwanaki bai faɗa ba. Na baya shi ke shan ƙurar kowa. Ba ya gudun da yake so, sai wanda mafi rauni ya iya. Yana ganin kayan wanda ya kwance, da tayar wanda ta yi laushi, da kafaɗar wanda gajiya ta fara karya. Idan ya duba nasa madubin kuwa, babu fitilar kowa sai titi. A wajen Ningi na lura igiyar kayan Auta na lilo kusa da tayarsa ta baya. Na yi hon, Yaya ya tsaya, Injiniya ya tsaya, Auta ya tsaya. Muka ɗaure, muka ci gaba.

Rana ta yi ja lokacin da muka hau gadar Wudil. A gabana jajayen fitilu uku na tafiya a jere, na ƙirga su, na sake ƙirgawa, kamar yadda na yi tun safe. Bayan isha'i muka zauna a teburinmu da ƙurar hanya a gira. Yaya ya ciro ƙullin ganyen da muka sayo a Kakara ya miƙa wa mai shayi. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya ɗora tukunya. Yana jera kofuna yana tambaya, "To, a cikinku wa ya fi gudu?" Auta ya buɗe baki, sai ya dubi Injiniya da tabon da ke gwiwar hannunsa, ya ce, "Baba, zuba mana huɗu. Tare muka tafi, tare muka dawo."